Furar Baba Ilu Daga Kan Gadar Sama

Ku yaran nan da kuke zuwa tashar Daura bayan an tashi daga makaranta, kuna bi na kuna cewa in yi muku hanya ku zama yaran mota, ku matso ku ji. Ni Sagiru ban kai shekara ashirin ba, amma a wannan sana'a dattijo ne ni. In zan tashi gwiwata sai ta yi ƙara, muryata ta dushe kamar ta tsohon zakara, hannuna na dama kuwa ya fi na hagu tsawo saboda lilo a ƙofar bas. Telana ma ya sani, kullum sai ya ƙara yadi a hannu ɗaya. Ku abin da kuka hango kawai shi ne mutum ya maƙale a ƙofa, iska tana kaɗa masa riga, yana ihun "Kano! Kano! Saura mutum ɗaya!" Sai kuka ɗauka aikin ke nan. To, ihun ma ba ku iya ba. Shekaranjiya na ji wani cikinku ya gwada, akuyar da ke kwance bakin masallaci ko kunne ba ta karkaɗa ba. Abin takaicin shi ne, aikin da ni na koya yanzu babu shi, kuma a gaban idona ya ƙare.

Aikin farko da aka ba ni shi ne riƙon weji, wato guntun katakon nan da ake tokare taya da shi. Kawuna ne ya kama hannuna ya kai ni wurin Malam Rabe direba, lokacin ina ɗan firit, ya ce masa, "Ga shi nan, ya ishe mu da surutu a gida, ko zai yi maka amfani." Malam Rabe ya dube ni sama da ƙasa, ya miƙo mini katakon, ya ce, "Wannan shi ne birkin hannu. Kai ne wayarsa." Motarmu tsohuwar bas ce fara, ta wani Alhaji, an rubuta mata "Sai Mun Zo" a baya, birkin hannunta kuwa ya riga kakana rasuwa. Duk inda za a tsaya a kan gangara, musamman wajen duwatsun Kazaure, sai in dira tun mota ba ta gama tsayawa ba, in ruga in cusa weji. In ka makara, sai ka ga fasinjojin da suka biya kuɗin Kano suna komawa Daura da baya. Na daɗe ina wannan kafin a yarda in taɓa ƙofa. Ƙofar ma tana da nata karatun: sai ka ɗaga ta da kafaɗa, ka yi bismillah, ka tokare ta da gwiwa, sannan ta yarda ta rufu. Wanda bai sani ba yakan cire ta gaba ɗaya, ya tsaya riƙe da ita a hannu yana kallon mutane.

Bayan weji sai igiya. Ta Malam Rabe doguwa ce mai kauri, ta yi baƙi don tsufa, shi ma wurin maigidansa ya gaje ta. Wata ranar kasuwar Mai'aduwa na ɗaure buhunan gero, da katifa, da keken ɗinki, da raguna a bayan Sai Mun Zo, har motar ta ɗaga hanci sama kamar mai jin warin wani abu. Malam Rabe ya zagayo, ya sa ɗan yatsa ya ja igiyar kamar mai kaɗa gurmi. In ta yi amo, sai ya wuce. In ta yi lakwas, ba ya faɗa, cewa kawai yake, "Kwance." Rannan na yi ta kwancewa ina sakewa har ragunan suka fara tausaya mini. Ƙulli kuma iri-iri ne. Akwai mai riƙe buhu, akwai wanda za ka ja da hannu ɗaya ya warware in mai kaya zai sauka a hanya, akwai na dabba wanda ba ya shaƙewa. Ku da ko tazugen wandonku bai zauna daidai ba.

Amma kayan aikin da ya fi duka yana cikin ƙoƙon kai. Sai Mun Zo ba ta gudu. Keke mai lafiya yakan wuce mu, mai keken ya waiwayo ya yi mana sannu. Duk da haka mu muke fara cika a tasha, don mu ba ma zube mutane wuri ɗaya kamar yashi. Kowa muna sauke shi inda ya fi masa kusa da inda za shi. Ni ke riƙe da wannan a ka: Hajiya mai atamfa gaban gidan mai, ɗalibai bakin ƙofar makaranta, tsoho mai ciwon ido daidai kwanar asibiti, kuma sai na tsallakar da shi titi. In an kusa sai in daki jikin mota da tafin hannu, Malam Rabe ya ratse. Ga kuma saƙo. Rabin Daura tana da ɗan'uwa a Kano, kuma kowace uwa ta yi imani ɗanta yana can yunwa za ta kashe shi. Kuka, daddawa, man shanu, zabi a kwali, ɗinkin Sallah, duk ta hannunmu suke bi. Ba a rubuta suna. Sai dai a ce, "Ka ba yaron nan namu mai tsayuwa gindin darbejiya," ni kuma in san wane yaro, wace darbejiya.

Cikin saƙonnin nan akwai guda da ya girme ni. Kowace Juma'a da sassafe wata tsohuwa daga cikin gari, Gwaggo Dije, takan zo tasha da kwano mai murfi an ɗaure shi da ɗankwali. Fura ce a ciki, dakan hannunta, ta gero mai citta da kanumfari, ga nono a ɗan galan. Ta ƙanenta ce, Baba Ilu mai gyaran takalmi, wanda ya tafi Kano tun yana saurayi, ya kafa akwatinsa a bakin wani shataletale da ke kan hanyar shigarmu gari, bai ƙara matsawa ba. Ƙafarsa ɗaya ta shanye, da sanda yake tafiya, saboda haka bai cika zuwa gida ba. Malam Rabe tun yana yaron mota yake kai furar nan, maigidansa ya bar masa ita tare da igiya. Ba a karɓar ko kwabo a kanta. Wurin zamanta ma daban ne: ƙarƙashin kujerar gaba, jikin murfin inji, inda ba mai taka ta. Can za ta zauna cikin ɗumi tun daga lodi, a bi Kazaure, a bi Dambatta, ana sauke wannan ana ɗaukar wancan, har rana ta take.

In mun iso shataletalen, tun daga nesa Baba Ilu zai ɗaga sandarsa. In dira da gudu in miƙa masa, shi kuma ya ba ni kwanon makon jiya a wanke, da goro ko sabulu a ciki na Gwaggo.

"Ɗan Daura, yaya garin?"

"Lafiya lau, Baba. An gaishe ka."

"Dije tana nan da faɗanta?"

"Ya ƙaru, Baba."

"Alhamdu lillahi. Ciro takalmin nan in gani, ya buɗe baki kamar kada."

Silifas ɗina ya sha ɗinki a hannunsa har zare ya fi roba yawa.

Da yake wani lokaci akan ɗauke mu shata, na ga garuruwa, kuma kowane babban gari da yadda yake tafiyar da mutanensa. Mun taɓa kai 'yan biki Abuja. Can titi aka fara shimfiɗawa, sannan aka ce mutane su zo, amma kada su tsaya. Muka yi ta tafiya a titi mai faɗin filin idi, wata tsohuwa tana ta roƙo a tsaya ta kama ruwa, ba inda za a ratse. Masu yi wa garin aiki kuwa yawancinsu a bayan gari suke kwana, da safe su kwararo ciki kamar tururuwa, da yamma a kwashe su. A Damagaram, tsallaken iyaka, na ga amalanken shanu da motar alfarma suna bin titi ɗaya, kowa yana lallaɓa ɗan'uwansa. Kano kuwa mutane ne suka riga titi zuwa, shi ya sa duk sanda titi zai miƙe ƙafa sai ya taka wani. Malam Rabe yakan ce, "Sagiru, gari in ya girma, tambayar da yake yi ita ce yaya za a wuce. Mu kuma abincinmu yana wurin tsayawa." Ni a lokacin ban kula ba, ina can ina neman mai awara.

Shekarar da ta karya mu ita ce shekarar da aka fara ginin gadar sama a kan shataletalen Baba Ilu. Gaskiya wurin yana bukata. Cunkoson da ake yi a nan, mai ciki takan shiga ta fito da yaro yana rarrafe. Amma aikin ginin ya ninka abin. Aka kewaye wurin da langa-langa, aka karkatar da motoci cikin lunguna. Damina ta sauka, lungunan suka zama fadama. Sai Mun Zo ta yi ta ɗaukar zafi, ina bin ta da galan ina shayar da ita kamar doki. Kulocinmu ya ƙone, aka sa wani, shi ma ya bi sahu. Okeke, mai shagon kayan gyaran mota a nan Daura, har benci ya saya saboda mu, in ya hango mu sai ya ce, "Rabe, sannu da dawowa gida." Sawun da muke yi a rana ya ragu, wanda ya rage ma da kyar. Alhaji mai mota ya fara magana ciki-ciki. Amma ko Juma'a ɗaya fura ba ta fasa zuwa ba. Baba Ilu ya ja akwatinsa ya raɓe jikin langa-langa, ni kuwa in naɗe wando in ratsa taɓo da kwano a ka. Muna ta cewa in an gama za a huta.

Aka gama. Gada ta yi kyau, ba zan yi mata ƙarya ba. Ranar da muka fara hawa, wata tsohuwa a kujerar baya ta rufe ido tana salati, ta ce ita kuɗin Kano ta biya, ba na Makka ba. Wurin da muke shafe rabin safiya, sai ga shi kafin ka gama hamma an wuce. Sai dai gadar ta zo da dokokinta. Motar haya mai zuwa daga wani gari dole ta bi ta sama ta zarce tasha, ba saukewa ba ɗauka a hanya. An gitta ƙarfe a hanyar ƙasa, an ja katanga a tsakiyar titi, wuraren da muke juyawa duk an toshe. Ma'aikatan kula da hanya suna tsaye ko'ina. Hajiya mai atamfa tana gani aka wuce da ita gidan mai aka kai ta tasha, sai da ta hau adaidaita sahu ta dawo baya. Mako na gaba ta shiga ƙaramar mota mai gudu. Ban ga laifinta ba. In dai duk a tasha za a zube, me zai sa mutum ya zauna cikin Sai Mun Zo keke yana wuce shi? Duk abin da na tara a ka, gidan mai da darbejiya da kwanar asibiti, ya tashi a banza cikin mako guda.

Baba Ilu yana nan ƙarƙashin gada, ya koma gefe jikin wani ginshiƙi, mu kuma muna wucewa ta saman kansa. Juma'ar farko daga tasha na hau adaidaita na kai masa. Kafin in dawo layinmu na lodi ya wuce, sai a Kano muka kwana, Alhaji ya kira Malam Rabe a waya ya wanke shi tas. Juma'ar da ta biyo baya muka ba wani ɗan adaidaita ya kai. Har yau yana kan hanya, shi da kwanon. Gwaggo Dije ta zo tasha ta tsaya gaban Malam Rabe, ta riƙe ƙugu.

"Rabe, maigidanka har ya koma ga Allah bai taɓa ɓatar mini da kwano ba."

"Gwaggo, gari ne ya canza. Mu ta sama muke bi yanzu, shi kuwa yana ƙasa."

"Sama? To da can da kuke shan ruwan rijiya, ruwan ne yake hawowa ya same ku?"

Ta ajiye sabon kwano ta juya abinta. Malam Rabe ya daɗe yana kallon kwanon, sannan ya dubi igiya, sannan ya dube ni. Nan na san tawa ta same ni. Ya ciro waya ya kira mai shayin da ke kusa da Baba Ilu, ya ce a gaya wa tsoho yau ya riƙa kallon sama.

Zura fura daga kan gada aiki ne mai ƙa'ida, kada ku ɗauka wasa ne. Tun daga Dambatta nake shiri: kwano da galan cikin buhu, bakin buhu da ƙullin da ba ya zamewa, igiya a naɗe a hannu yadda ba za ta harɗe ba. In mun hau, Malam Rabe ya raɓa gefe daidai wata fitila da muka yi wa alama, ya fito ya tsura wa taya ido kamar mota ta lalace. Duk wanda ya ga Sai Mun Zo ba zai yi gardama ba. In cusa weji, in leƙa, in riƙa sakin igiya a hankali. Iska tana kaɗa buhu, sai ka bi ta da hannu, in ka yi gaggawa nono ya zube a kan wani. Can ƙasa Baba Ilu ya sa sandarsa ya jawo, ya kwance, ya ɗaura kwanon makon jiya, ya girgiza igiya, in janye. Sai in ji murya daga ƙasa, "Dije tana nan da faɗanta?" In ce, "Ya ƙaru!" Fasinjoji su yi ta dariya. Har wasu da suka guje mu suka dawo shiga motarmu ranar Juma'a don kallo kawai.

Farin jini ne ya kashe mu. Mutanen ƙarƙashin gada suka gane. Kafin mu iso an taru, masu shayi da masu faci da 'yan talla, kowa ya ɗaga kai kamar ana duban wata. Buhu na leƙowa sai a ɗauki sowa, "Ga gugan Daurawa!" Wani ya ɗauka a waya, abin ya zaga duniya, har wani ɗan ajinmu da ke Legas ya kira ni ya ce ya ga ƙeyata. Mutane suka fara kawo mana nasu saƙon a zura musu. Wani ma zakara ya kawo. Malam Rabe ya ce a'a, gugan mutum ɗaya ne.

Wata Juma'a na zura, na ji an kama, na jira girgiza ban ji ba. Na ja, na ji nauyi. Na ce a raina yau Baba Ilu turmi ya aiko wa Gwaggo. Da na leƙa sai na ga hular ma'aikacin hanya, ya naɗe igiyar a hannu ɗaya, yana ɗaga mini ɗayan kamar mun saba. Kafin in juya, babbansu ya tsaya bayanmu a kan babur.

"Malam direba, lafiya? Mota ta lalace?"

"Hutawa take yi, ranka ya daɗe."

"Wannan igiyar fa? Rijiya kuka samu a nan?"

"Yallaɓai, mu mutanen Daura ne. Duk inda muka ga zurfi sai hannu ya fara ƙaiƙayi."

Mutumin ya yi dariya har da riƙe ciki. Da ya gama sai ya nuna bayanmu, inda gadar ta lanƙwasa. Ya ce wa Malam Rabe, "Baba, dubi can. Tirela in ta taho da kaya, ba za ta gan ka ba sai ta iso kanka. Dubi mutanen da ke cikin motar nan. Ga yaro rabin jikinsa a waje. Duk saboda fura?" Malam Rabe ya dubi kwanar, ya dubi fasinjoji, akwai mai goyo a cikinsu. Ya zare makulli ya miƙa da hannu biyu. Tunda nake da shi ban taɓa ganin an rufe masa baki ba sai rannan, don gaskiya mutumin ya faɗa.

Sai Mun Zo ta yi kwanaki a tsare. Alhaji ya biya tara, ya ce shi ya gaji, mota ba ta kawo komai sai labari. Ya yi ciniki da wani mai dakon itace a Dutsi, ya ce mu je mu karɓo ta mu kawo, shi ke nan. Ranar da muka je, mai shayi ya tare mu da wani labarin: an ba duk masu sana'a a ƙarƙashin gada wa'adi su tashi, za a shimfiɗa bulo a dasa furanni. An nuna musu wata sabuwar kasuwa a bayan gari. Baba Ilu ya ce takalmi inda ake tafiya yake tsinkewa, wa zai bi shi bayan gari da tsinkakken takalmi a hannu? Ya ce shi gida zai koma.

Babban ma'aikacin nan da ya kama mu, shi da kansa ya sa aka ɗaga mana ƙarfe muka shiga ƙasa. Lodin da na yi rannan shi ne mafi ƙanƙanta a rayuwata: akwatin katako, da benci, da ƙarfen da ake kifa takalmi a kai, da buhun tsofaffin takalman da masu su ba su dawo karɓa ba. Baba Ilu ya ce ba zai zubar ba, amana ce. Na ɗaure su da igiyarmu, Malam Rabe ya ja da yatsa, ta yi amo. Aka ba Baba Ilu gidan gaba. Har mun ɗauki hanya sai ya ce, "Rabe, ni fa ban taɓa hawa abin nan ba." Malam Rabe bai yi musu ba, ya yi dogon zagaye ya hau da shi. Ba mu tsaya ba, rage gudu kawai aka yi, wanda a wurin Sai Mun Zo ba wani bambanci ba ne. Tsoho ya miƙa wuya ta taga.

"Ina wurin nawa?"

"Ba a ganinsa daga nan, Baba," in ji ni. "Sai mutum ya tsaya ya leƙa."

"To," ya ce. "Ashe shi ya sa ba a san da mu ba."

Ya janye wuyansa daga taga.

Yanzu Malam Rabe yana nan tasha, shi ne dattijon da kuke gani a kan benci yana tsara layin motoci. Ba wanda ya ba shi wata motar, masu motoci matasa suke so, masu taka totur. Ni ina bin wata sabuwar bas mai na'urar sanyi, ƙofarta da ɗan yatsa ake turawa, birkin hannunta da ransa. Ba weji, ba tsayawa, ba saƙo sai mai lambar waya a jiki. Mu tashi daga Daura, kafin fasinja ya gama gaisawa da na kusa da shi mun hau gada. Aikina in karɓi kuɗi in yi shiru, kuma kun san ni da shiru. Igiyar tana wurina, Malam Rabe ya bar mini, Innata tana shanya a kanta. Wannan aikin da ya rage, ko ku za ku iya. Wancan da nake ba ku labari kuwa, ba inda zan kai ku ku koya.

Baba Ilu ya kafa akwatinsa a ƙofar gidan Gwaggo Dije, a lungun da in mutum biyu suka wuce an yi kasuwa. Ina wurin ranar da ya sha furar farko a gida, na kai masa silifas. Gwaggo ta dama masa da hannunta, sabuwa fil, yanzu ta fito daga turmi. Ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa.

"Dije, hannunki ya canza."

"Hannun wa? Ilu, ka kiyaye ni."

"Ba ita ba ce. Wannan salam take. Waccan tana da ɗan tsami-tsami, da wani ƙamshi a ƙarshe."

"Geron nan ne, turmin nan ne, ni ce! Tun kana da gashi a ka haka nake yin ta!"

Suka yi ta yi har maƙwabta suka fara leƙowa. Can sai na ce, "Baba, ƙamshin nan, ba kamar na mota ba?" Duk shekarun nan furar da ya sani ita ce wadda ta yi rabin yini jikin inji, tun daga motar maigidan Malam Rabe har zuwa Sai Mun Zo, ta sha ɗumi, ta sha girgiza, ta tsaya ko'ina. Ita ce furar gida a wurinsa.

Ranar Juma'a da sassafe sai ga shi a tasha yana dogara sanda, da kwano ɗaure cikin ɗankwali. Ya ja ni gefe don kada labari ya kai wa Gwaggo.

"Ɗan Daura, sa ta ƙarƙashin kujera. Ka kai ta Kano ka dawo mini da ita."

Malam Rabe yana kan bencinsa yana jin mu. Ya kau da kai.

Na sa ta. Sai dai motar tamu injinta yana can gaba cikin hanci, ƙarƙashin kujera kuwa sanyi kamar gindin randa. Muka je, muka haye gada, muka juyo, tun rana da sauranta na kai masa. Ya kwance ɗankwalin a hankali, ya dama, ya kurɓa. Ina tsaye ina jira. Ya mayar da murfi ya rufe.

"Allah ya yi maka albarka," in ji shi. "Ba ta je ko'ina ba."